Tururuwar da Aka Sa a Nonona

Bana gulbi ya cinye gidan da aka kai ni aure a Rabah. Wani jikan ƙanen mijina ne ya zo nan Goronyo da labarin, ya zauna a bakin ƙofar ɗakina yana girgiza kai. Ya ce ruwa ya fara da katangar gabas, ya bi ta rumbuna, ya kwashe ɗakunan tsofaffi, yanzu in ka tsaya a wurin sai laka da fasassun tukwane. Ya ce, "Kaka, gidan mutanen kirki ya tahi. Ba a sake yin irinsu." Na ce masa Allah ya mayar da alheri, na sa aka dama masa fura. Da ya tafi na daɗe zaune ina jiran baƙin ciki ya zo mini. Bai zo ba. Fushi ne ya zo, kuma na gane shi, don tun ina da ƙuruciya nake ɗauke da shi.

Yanzu kowa ya buɗe baki sai yabon mutanen da. A ce matan yanzu ba su da kunya, suna kiran sunan ɗan fari a tsakar gida, suna yi masa wasa a gaban surukai. Ni ma nakan ji abin wani iri in na gani, don ba haka aka raine ni ba. A Wurno na tashi, a unguwar da ke kallon fadama. Kafin gari ya waye za ka ji taɓarya ta fara a wani gida, wani gidan ya amsa, har unguwa ta ɗauka. Mu 'yan mata mu sauka ɗebo ruwa a jere, tulu a kai, ba mai ɗaga murya in mun zo wucewa ta gaban zauren malamai. Uwata takan ce mace a san tana gida, amma kada a ji ta. Kuma ni yarinya ce mai hanci. Daga ƙofar gari nakan san gidan da ake dafa kalwa, da gidan da aka yi haihuwa, da ranar da masunta suka dawo da kifi. In uwata tana shakkar nono ko daddawa, ni take kira in shinshina. Wannan duka na tuna, kuma ina kewarsa. Amma wanda zai yabi kunyar mutanen da, ya zauna ya ji abin da ta ci a ɗakina.

A zamaninmu ɗan fari ba naki ba ne a gaban mutane. Ba ki faɗin sunansa, ba ki ce "ɗana". Ba ki kallonsa in da wani a wurin, in ya yi kuka ba ki tashi sai an ce ki tashi. In ya faɗi, wani ya ɗaga shi. Uban ma haka. Yaron kakanni ne, su ke da bakin magana a kansa. Ban taɓa ganin aibin wannan ba, don haka na ga an yi wa yayana, ya kuma girma lafiya.

Da cikina ya tsufa aka mai da ni Wurno, na haifi namiji a ɗakin uwata. Aka shiga wankan jego, safe da yamma, ruwa na tafasa a babbar tukunya ana fyaɗa mini da ganye, ga kunun kanwa, ga gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashi. Ba a taɓa bari na da yaron ni kaɗai ba. Tsofaffi su yi masa wanka, su shafe shi da mai, su miƙo mini in ba shi nono fuskata na gefe, su karɓe. Nakan saci kallon ƙafarsa. Nakan ce wa kaina, bari a gama arba'in in koma ɗakina, in saki asabarin ƙofa, in yi abin da na ga dama da shi.

Ana gab da gama wankan wani tari ya shigo gari tare da ruwan farko. Ya kwantar da manya da yara, ya tafi da tsofaffi da dama. Ya kama ni da masassara da majina, ƙirjina kamar an ɗora dutsen niƙa. Na tashi. Amma ranar da na tashi aka kawo mini romon ƙafar sa da yaji, na kurɓa na ji ruwan zafi kawai. Na ɗebi yaji na zuba a harshe, na ji zafi, ban ji yaji ba. Na shinshina hayaƙin murhu, babu komai. Uwata ta ce mura ce, za ta wuce. Aka ɗora ni a kan takarkari aka mai da ni Rabah, wata gwaggona ta goyo yaron a baya. A can ma hannun tsofaffi ya koma, sai lokacin ba shi nono ake miƙo mini shi.

Mutum uku ke da iko da ni a gidan. Mijina, masunci ne, mai sanyin hali. Uwarsa, da muke kira Inna. Da Goggo, yayar ubansa, wadda ita ke karɓar haihuwa a unguwar, ba wanda ke mayar mata da magana, har maza. A kwanakin farko abin dariya ne a wurinsu. Na ƙona tuwo ina zaune kusa da shi ban sani ba. Na zuba wa miya gishiri har Inna ta ce, "Ke ɗiyag ga, Wurno gishiri anka yi maki wanka da shi?" Na koyi dabaru. In na ɗora tukunya ba na matsawa, ido nake sa mata. Gishiri nakan auna a tafin hannu yadda na ga uwata tana yi. Nono kuwa sai in duba kaurinsa. Da abin ya tsaya nan, da na rayu da shi ban ce wa kowa komai ba.

Sai hancin ya dawo, amma a karkace. Wata safiya Inna tana soya albasa da man shanu, na ji kamar an buɗe cikin mushen jaki a tsakar gida. Na fita da gudu ina neman inda abin ya mutu. Babu mushe. Albasa ce. Daga ranar nama ɗoyi, kifi ɗoyi, hayaƙi ɗoyi, zufar mijina ɗoyi. Abin da ke shiga cikina sai fura mai sanyi da ruwa zalla, in toshe hanci in haɗiye. Sannan aka miƙo mini yaron.

Na zaɓi kalmomina a nan, don har yau ba su da sauƙi. Yaron lafiyarsa lau, mai tsabta, mai ƙiba. Amma ƙarnin nono da man da ake shafa masa, a hancina ruɓa ne. Abin da na yi ta jira in rungume, in na kusantar da shi cikina ya juya. Na san ba shi ba ne, hancina ne ke yi mini ƙarya. Sanin bai hana amai taso mini ba. Sai na riƙa murza auduga ina cusawa a hanci, in ja mayafi in rufe, in yi numfashi ta baki, in kau da kai iyakar yadda wuyana zai iya. Haka nake ba shi nono, kuma yana sha yana ƙoshi. Matan unguwa suka gani suka yaba. Suka ce, "Kai, Inna, kun yi sa'ar suruka. Dubi yadda taka kau da kai. 'Yan Wurno akwai kunya." Ni ina zaune ina yaƙi da cikina, su suna sa mini albarka.

Mijina na fara faɗa wa. Ban iya cewa "ɗanmu" ba, na ce, "Yaron Inna, in na ɗauke shi wari nike ji. Kowane abu wari nike ji, har kai." Ya dube ni, ya shinshina hammatarsa, ya yi 'yar dariya. Da ya ga ba wasa nake ba ya ce, "Ki yi haƙuri. Kada ki bari Goggo ta ji." Iyakar taimakonsa ke nan.

Goggo ba ta ji ba, gani ta yi. Wata rana da hantsi audugar ta faɗo ina cikin shayarwa, na ja numfashi ban shirya ba, na yi amai a gefen tabarma yaron na hannuna. Tana tsaye da ƙwarya. Ta ajiye ta a hankali.

"Mi nag gani?"

Na ce, "Goggo, tun tarin nan hancina bai daidaita ba. Wari nike ji ga komi."

"Ga komi. Har ga wanga?" Ta nuna yaron.

Na yi shiru. Da na yi ƙarya. Amma ba a koya mini yi wa babba ƙarya ba, kuma ba a koya mini yin magana a kan ɗan fari ba, sai shirun ya amsa mata.

Ga abin da ke ci mini rai har gobe. A wannan damina, mai fiton kwalekwale na unguwarmu ya yi tarin nan, ya tashi yana cewa nama warin mushe yake masa, ya bar cin kifi, ya rame. Kowa ya sani. Maza suna tsokanarsa a bakin gulbi, suna ce masa ya ba su rabonsa. Goggo da kanta ta haɗa masa citta da kanumfari ya yi surace, ta ce masa ragowar tari ne, zai wuce. Ta san ciwon. Amma da ya zo kan mace mai shayarwa, ba ta ga tari ba. Ta ce jikin uwa ba ya ƙin ɗanta sai in nonon ya ɓaci, jikin ne ke faɗar gaskiyar da baki ya ɓoye.

Ta aika aka kira tsofaffin unguwa. Aka zaunar da ni a gindin rumbu, aka ba ni ƙaramin ƙoƙo.

"Tatsa," in ji Goggo.

Inna ta ce, "Yaya, a bi ta sannu, yarinya ta."

"Sannu mi? Uwa na amai bisa ɗanta kina ce man sannu? In ya mutu ke za ki amsa?"

Na tatsa a gaban mutane, kaina a ƙasa. Yadda ake gwajin shi ne a kamo tururuwa a saka a tsakiyar nonon. In ta yi iyo ta kai baki ta fita, nono lafiya. In ta mutu a ciki, akwai dafi. Wata tsohuwa ta kamo wata baƙa daga jikin katanga tana cewa, "Wagga ƙatuwa ta, ko gulbi aka sa ta sai ta ƙetare." Aka yi dariya. Aka sake ta a ciki. Na ga ta juya, ta juya, ƙafafunta suna motsi a cikin kaurin nonon. Na roƙi Allah a kan tururuwa kamar yadda ban taɓa roƙonsa a kan kaina ba. Ta nufi baki, ta kusa, ta sake juyawa tsakiya. Sai ta tsaya.

"La ilaha illallahu," in ji tsofaffi. Goggo ta kife ƙoƙon a ƙasa ta tura masa ƙasa da ƙafa, don kada kaza ta sha. Aka ɗauke yaron daga cinyata aka kai ɗakin Inna. Aka ce daga yau madarar akuya da ruwan koko.

Tsakanin ɗakina da na Inna taku kaɗan ne. Ina jin kukansa, ƙirjina ya cika ya yi tauri, nono ya jiƙa mini zane. Aka shafa mini magani aka ɗaure ni da ƙyalle don ya ƙafe. In na zaga bayan rumbu sai in kwance in tatsar a ƙasa, don kada ya ɗauke. Ina kallon abincinsa yana shiga ƙasa, shi kuma yana can ana ɗura masa abin da cikinsa ba ya riƙewa. Zawo ya kama shi. Na riƙa lura da tsummokaran da Inna ke shanyawa a kan dangar kara, da su nake sanin halin da yake ciki, don ba ni da ikon tambaya.

Da na ga tsummokaran sun cika danga, na yi abin da ba a yi. Da safe Inna ta fito da ƙoƙon madarar akuya, mata na tsakar gida ana sussuka, Goggo na zaune a kan turmi. Na tashi na karɓi ƙoƙon daga hannun Inna. Na kamo tururuwa a gindin rumbu na saka a ciki. Na ajiye a gaban Goggo. Taɓare suka tsaya. Kowa ya leƙo. Tururuwar ta yi ta juyawa kamar waccan, ta gaji, ta mutu.

Na ce, "Goggo, wanga ma da dahi?"

Ta ce, "Kin matse ta da yatsa."

"To ki kamo da hannunki."

Ba ta kamo ba. Na ɗauka na ci nasara. Yarinta ce. Ba wanda ya ƙara duban ƙoƙon, ni suke kallo. Goggo ta miƙe ta gyara ɗaurin zanenta ta ce, "Kun ji ko? Bisa ɗan hwari taka ja-in-ja da ni, gaban mutane. Jiya tana jin wari inda babu wari, yau ta aje kunya. Wagga ba ita ɗai ta ba, akwai abin da ya shige ta. Ku za ku ba wagga jinjiri?" Tsofaffi suka ce a'a, a yi mini hayaƙi. Wata ta ce dama idona ya canza.

Mijina yana ƙofar zaure da tarun kamun kifi a kafaɗa, ya ji komai. Na dube shi, abin da ban taɓa yi ba a gaban uwarsa. Kalma ɗaya daga bakinsa ta isa, shi ne mai gida, shi ne uban yaro. Amma shi ma ɗan farinsa ne, kuma namiji mai kunya ba ya sa baki a kan ɗan fari. Ya gyara tarunsa ya fita gulbi. Na zauna da mutumin nan shekaru masu yawa bayan haka, bai taɓa zagina ba, bai taɓa bari na da yunwa ba. Na yi masa takaba da zuciya ɗaya. Amma bayansa da na gani a ƙofar zauren nan, ban daina ganinsa ba.

Aka lulluɓe ni da bargo aka tura mini kasko da garwashi da saiwoyi. Hayaƙin a hancina kamar ana ƙona gawa. Na yi ta amai, suka ce abin ne ke fita. Ban iya cin komai ba, nonon ya fara ja baya duk da tatsar da nake yi. Kukan yaron ma ya ja baya. Da yana cika gida, ya koma kamar na ɗan kyanwa, sai ka kasa kunne.

Wata rana bayan azahar Goggo ta tafi karɓar haihuwa a wata unguwa. Inna ta ɗaga asabarina ta shigo da shi a hannu. Idonta ya kumbura. Ta ce, "Ungo. Ba shi. Ko dahin ne ba shi." Ta fita ta saki asabarin.

Wannan ne karo na farko da aka bar ni da ɗana ni kaɗai. Ba shi da nauyi. Maɗigarsa ta faɗa, fatar cikinsa ta yi laushi kamar tsohon tsumma. Na sa masa nono a baki, ya kama, ba ƙarfin ja. Na matsa, 'yan ɗigo suka fito, suka gangaro ta gefen bakinsa. Na yi ta matsawa. Da na ga babu amfani, na ciro audugar daga hancina na yar. Na sa fuskata a wuyansa. Warin na nan, bai ragu da komai ba. Na shaƙe shi, na sake shaƙa, cikina ya taso na danne shi. Na kira sunansa a kunnensa, na ce masa ni ce. Kafin a kira la'asar ya cika.

Ba a kuka a kan ɗan fari. Na zauna a ɗaki mata suna shigowa suna cewa sannu da haƙuri, ina cewa sannunku. Goggo ta dawo ta ce nonon da ya sha tun farko ne ya bi shi, da an gane da wuri da ya tsira. Ta faɗi haka a gabana, ta kuma yarda da abin da ta faɗa har ta koma ga Allah. Ban ce ta yi don mugunta ba. Ta karɓi haihuwar rabin unguwa, ta kwana a kan mata da yawa har suka tashi. Wannan ne ma abin da ya fi ƙona ni. Ba mugu ko ɗaya a gidan da zan tsine wa, kowa ya yi abin da aka san mutumin kirki da shi, aka taru aka bar yaro da yunwa alhali abincinsa na zuba a bayan rumbu.

Mai fiton kwalekwale ya warke da kaka. Ni ma haka. Ba magani, ba hayaƙi. Ina shara da yamma, wasu a maƙwabta suna gasa tumun sabon gero, sai na ji wani abu daga nesa, siriri, mai daɗi. Na tsaya da tsintsiya a hannu. Na ja numfashi. Tumu ne, ƙamshinsa na gaskiya, yadda na san shi a Wurno. Na shinshina hannuna, na ji ƙasa da zufa, ba ruɓa.

Ban yi murna ba. Abu ɗaya ne ya faɗo mini. Na yar da tsintsiyar na shiga ɗakin Inna ko sallama ban yi ba. Na ce, "Inna, zanen da kika goya shi da shi. Yana ina?"

Ta dube ni ta gane. Ta jawo wani kwando daga ƙarƙashin gado ta ciro shi, baƙin saƙi, a ninke. Ta ce, "Ga shi, na aje maki. Ni da kaina na kai shi gulbi. Na sa sabulu na sake sawa, na shanya, na turara shi. Na ce kada wata rana ki ɗauka ki ji warin nan da kika ce yana yi."

Na karɓa. Na buɗe shi na sa fuskata a tsakiya, inda kansa ke kwanciya. Na bi gefe-gefe, na bi bakin zanen, na juya bayansa. Sabulun salo, da turaren wuta, da ruwan gulbi. Ta wanke shi da kyau. Inna ba ta taɓa yin aiki rabi ba.

Na ninke shi yadda na same shi, na miƙa mata, na durƙusa na ce, "Na gode, Inna."

Ta ce Allah ya yi mini albarka.